Bazawara, karuwa, gwarne, jahila: tarihin zagi huɗu da abin da matan Arewa suka yi da su (ZARE)

1/
Duk macen da ta taɓa faɗin ra'ayinta a dandalin nan ta san jerin. Da farko a ce "je ki yi aure". In ta ce ta yi ta fito, a ce "ashe bazawara ce, shi ya sa". In ta ƙi yin shiru, sai a jefo babbar: karuwa. Yau tarihin kalmomin nan za mu bi. Zaren da tsawo fa, ku gyara zama.

2/
Ni ƴar Gazara ce, ƙaramar hukumar Makarfi, don haka labarin ba zai yi nisa da gida ba. Zariya, Giwa, Funtuwa, Kano. Za mu leƙa Ingila da Kanada sau ɗai-ɗai don kwatance, mu dawo.

3/
Ana yawan cewa wai mace ta karɓi zagi ta mai da shi kirari ɗabi'ar Turawa ce da yaran yanzu suka kwaso a intanet. Kakanninmu sun yi tun ba a haifi mai Twitter ba. Sai dai ba kowane zagi suka karɓa ba. Akwai wanda suka ɗauka suka yafa, akwai wanda suka tsallake suka wuce. A kan wannan bambancin zaren yake.

4/
Misalin waje tukuna, don a gane me ake nufi. A 1906 jaridar Daily Mail ta Landan ta raɗa wa matan da ke neman ƴancin jefa ƙuri'a suna: suffragette. Ɗan guntun "ette" na ƙarshen nan na ƙanƙantarwa ne, kamar ka ce "ƴan matan nan masu wasan siyasa". Raini ne tsagwaronsa.

5/
Ƙungiyar Emmeline Pankhurst ba ta tsaya musu ba. Suka ce mun ji, mun karɓa. A 1912 har jarida suka buɗe da sunan. A 1918 wani kaso na matan Birtaniya masu shekara 30 zuwa sama ya samu ƙuri'a, a 1928 aka daidaita su da maza. Sunan da aka ƙirƙira don dariya, yau da shi ake karrama su.

6/
To mu dawo gida. Kalma ta farko: BAZAWARA. Ku duba tushenta. Zawarci shi ne neman auren macen da ta taɓa aure, kuma mai neman nata shi ma bazawari ake ce masa. Asalin kalmar ke nan: mace ta gama idda, manema na sallama a ƙofar gida. Ko ƙwayar zagi babu a ciki.

7/
A fiƙihun Malikiyya da muke bi ma, baligar da ta taɓa aure ba a yi mata dole, sai ta furta da bakinta cewa ta yarda. Kuma kowa ya sani Nana Khadija (RA) ta yi aure kafin Manzon Allah (SAW), cikin matansa Nana A'isha (RA) kaɗai ya aura tana budurwa.

8/
In kuna son ganin yadda abin yake a ƙasarmu shekara ɗari da suka wuce, ku nemi labarin Baba ta Karo. An haife ta wajen 1877, ta tashi a Karo kusa da Zarewa, nan tsallaken iyakarmu da Kano ta ɓangaren Rogo. Tsakanin 1949 da 1950, tana zaune a Giwa, ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta da Hausa. Littafin ya fito a 1954.

9/
Baba ta yi aure huɗu, ba ta taɓa haihuwa ba, ƴaƴan riƙo ta raina. Da a ce yau aka sako labarinta a nan, kafin azahar masu sharhi sun gama da ita: mai kashe aure, juya. Amma ita ta ba da labarin fita daga wannan aure da shiga wancan kamar mai ba da labarin ƙaura, kuma ta tsufa da mutuncinta a cikin dangi da ƙawaye.

10/
Ku lura da yadda bakinmu ke raba laifi. Shi ya furta saki, shi ya rubuta takarda, amma sai a ce "ta kashe aurenta". Shi in abin nasa ya yi yawa a ce "mai auri-saki", a yi dariya, a ba shi wata. Laifi tudu ne dai.

11/
Gwauro ma ana tsokanar sa, gaskiya ne. Da azumi ake masa tashe, a Kano har sarki gare su, Nalako. Amma nasa wasa ne na ƴan kwanaki, da an sha ruwa ya wuce. Nata yana bin ta har wurin neman aiki, har wurin neman ɗakin haya, har kan ƴaƴanta ranar da aka zo neman aurensu.

12/
Kalma ta biyu, mai nauyin: KARUWA. Masu binciken da suka zauna da matan, irin su Renée Pittin a Katsina a shekarun 1970 da Barbara Cooper a Maraɗi, sun nuna bakin kalmar ya fi yadda muke zato faɗi. Ana kiran mai sayar da jikinta da ita, haka ne. Amma ana liƙa wa duk baligar da ba ta ƙarƙashin miji ko uba, ko da tuwo take sayarwa.

13/
Wato sau da yawa tambayar ita ce: a gidan wa kike kwana? Kin koma gidanku, ke bazawara ce. Kin kama haya a wani gari, an gama yanke miki hukunci. Daga nan aka samu laƙabin nan mai laushi, "mata masu zaman kansu". Ku sake karantawa a hankali. Zaman kai. Mace ta zauna da kanta, laifin ke nan.

14/
Ga wata shaidar. Kun san kalmar "kilaki"? Daga kalmar Turanci mai nufin akawu ta samo asali, mai aikin rubutu a ofis. Da ta shigo Hausa ta faɗa kan mace, sai ta koma nufin karuwar zamani. Sunan aikin albashi ne fa ya rikiɗe ya zama zagi.

15/
Magajiya ma haka. A tarihin Daura, Magajiya ce ke mulki. A tsohuwar Zazzau, Magajiya da Iya sarautun mata ne na gidan sarauta, yau kuwa Iyan Zazzau namiji ne. Sunan Magajiya ya yi ta gangarowa har ya zama, a garuruwa da yawa, sunan shugabar matan da ke zaman kansu. Kalma takan sauka kamar yadda takan hau.

16/
Kuma zagin ba a baki kaɗai yake tsayawa ba. A garuruwan Hausa da dama, in ruwa ya ɗauke ko wata annoba ta zo, hukuma kan ba matan da ba su da aure wa'adi: ku yi aure cikin kwana kaza ko ku bar gari. An yi haka lokacin farin shekarun 1970. Mazan da ke sallama a gidajen nasu kuwa ba wanda ya ba su wa'adi.

17/
Yanzu ku riƙe wannan, mu shiga siyasa. Ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano. A 1951 NPC ta zama cikakkiyar jam'iyya. Kowace na buƙatar mata a taro: masu girki, masu guɗa, masu waƙa, masu kai saƙo cikin gidaje inda namiji ba ya shiga. To matan aure na kulle. Su wa za su fito?

18/
Zawarawa da masu zaman kansu. Su ne ƙashin bayan ɓangaren mata na jam'iyyun farko, a garuruwa da yawa magajiyoyi ne ke jagorantar su. Ba NEPU kaɗai ba, har NPC. A Maraɗi ma haka aka yi da jam'iyyun Nijar kafin samun ƴancin kai.

19/
Ga tarkon. An ci moriyar matan nan a filin taro, sannan aka juyo aka nuna su da yatsa aka ce wa sauran: kun ga irin masu shiga siyasa ko? Macen kirki ba ta zuwa nan. Da kalma ɗaya aka zubar da mutuncin waɗanda suka fito, aka kuma tsorata waɗanda ke ɗaki.

20/
Sakamakon a rubuce yake. NPC ta ƙi amincewa matan Arewa su yi zaɓe. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, namu suna gida. Aka samu ƴancin kai a 1960, uwar kowa a yankin nan ba ta da ƙuri'a.

21/
A wannan yanayin Hajiya Gambo Sawaba ta fito. An haife ta a 1933, ta tashi a Zariya. Mahaifinta mutumin Gana ne, mahaifiyarta Banufiya. Ta rasa su duka tana ƙarama, aka yi mata aure tana shekara 13, auren bai ɗore ba. Tana shekara 17 ta shiga NEPU, ta zama shugabar mata a Sabon Garin Zariya.

22/
Ku lissafa abin da masu zagi ke da shi a hannu: yarinya, marainiya, aurenta ya mutu, ƴar Sabon Gari, tana hawa mumbari gaban maza, a jam'iyyar da ake wa kallon ta marasa kunya masu ja da sarakuna. Kalmar da ake jifan matan NEPU da ita kun riga kun san ta.

23/
A 1952 ta je Kano tana wayar da kan mata, aka kama ta da laifin fito da matan kulle, aka ɗaure ta wata uku. Daga nan ƙofar kurkuku ta zama kamar ta gidansu: sau 16 aka ƙirga. An yi mata duka, an aske mata kai da fasasshiyar kwalba, an kore ta daga Kano.

24/
Ta je har Abekuta wurin Funmilayo Ransome-Kuti, mahaifiyar Fela, wadda ta jagoranci matan kasuwa a kan haraji. Ta dawo ta ci gaba da maganganunta: ƙuri'ar mata, karatun ƴaƴa mata, auren wuri, aikin tilas.

25/
Abin lura: Gambo ba ta ɗauki kalmar karuwa ta yi kirari da ita ba. Abin da ta yi shi ne ta hana kalmar yin aikinta. Aikin kalmar ɗaya ne, ta mai da mace ɗaki. Aka jefa, ba ta koma ba. Aka sake jefawa haɗe da bulala, ba ta koma ba.

26/
Sunan da ta ɗauka ta yafa shi ne Sawaba, taken NEPU, wanda a lokacin furta shi a bainar jama'a kan iya jawo wa mutum kwanan gidan yari. Ya manne mata har ya zama kamar sunan yanka.

27/
Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a, shekara 16 bayan ƴancin kai, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar. A Jamhuriya ta Biyu Gambo ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim. Ta rasu a Oktoba 2001.

28/
Yau babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya sunanta yake ɗauke da shi, kuma mutanen Makarfi da Kudan da Ikara da yawa sun san ƙofarsa. Duk ranar zaɓe in kun ga layin mata ya fi na maza tsawo a firamaren garinku, ku tuna da wane suna aka kira waɗanda suka fara neman layin.

29/
Kalma ta uku, ta cikin gida: GWARNE. Wasu na cewa kwanika, wasu rurrutsa. Mace ta samu ciki tana goyo, ba ta yaye ba. A al'ada abin gori ne babba: habaicin kishiya, harara daga uwar miji, dariyar mata a gidan suna. Ma'anar gorin a ɓoye ita ce wai ta kasa haƙuri da miji. Shi mijin, kamar iska ce ta kawo cikin.

30/
Sai ga Hajiya Sa'adatu Barmani Choge, ƴar ƙasar Funtuwa, da ƙoren amada. Amada kiɗan mata ne, na cikin gida, na biki da suna, inda ake faɗin abin da ba a faɗa a zaure. Ita ta fito da shi fili, ta shigar da shi kaset da rediyo da talabijin.

31/
Barmani, wadda ita kanta mai ƴaƴa ce da yawa, ta yi waƙa sukutum mai suna "Gwarne Ikon Allah". Sunan kaɗai ya gama magana. Ta ɗauke abin daga kan mace ta mai da shi wurin Mai bayarwa. Matar da jiya take ɓoye ciki da zani, yau ita ce ke tsakiyar fili tana rawa ana mata liƙi.

32/
Kar wani ya ce ta soke tazarar haihuwa. Shawarar likitoci tana nan: a huta kamar shekara biyu kafin wani cikin, don lafiyar uwa da ɗa. Amma shawara daban, gori daban. Macen da ake wa gori ɓoye ciki take yi, wadda aka cire wa kunya ita ke zuwa awo.

33/
Ta yi wa surar jikin mace waƙa, abin da wasu har yau ke sunkuyar da kai in an sa. Ta yi wa mata waƙar kama sana'a, kuma ba ta raga wa wadda ta zauna jiran miji ya ba ta kuɗin sabulu ba. Ta rasu a Funtuwa a Maris 2013. Har yau in aka kifa ƙwarya a gidan biki a yankinmu, sai an taɓo ta.

34/
Kalma ta huɗu: JAHILA. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar Janar Murtala Muhammad, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana wajen shekara 13. Auren bai kai shekara biyu ba. Daga baya ta koma karatun manya, ta zama marubuciya.

35/
A 1990 ta fitar da littafi ta sa masa suna "Wa Zai Auri Jahila?". Gorin ne da kansa ta ɗora a bango. Labarin Abu ne, yarinyar da aka cire daga makaranta, saurayi ɗan boko ya guje ta don ba ta yi karatu ba, aka aura mata tsoho, ta gudu, ta yi karatu ta zama ma'aikaciyar jinya.

36/
Dabarar a nan ita ce mai da tambaya. Wa ya cire ta daga aji? Wanda ya hana ta karatu da wanda ke mata gorin rashinsa, sau da yawa tabarma ɗaya suke zaune. Duk yarinyar ƙauyukanmu da ta kai kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi bayan an ce ba za ta iya ba, ta san labarin Abu ko ba ta karanta ba.

37/
Ɗaya littafin nata, "Alhaki Kwikwiyo Ne", kan Rabi ne, wadda miji ya kora da ƴaƴa tara, ta riƙe su da sayar da abinci. An fassara shi zuwa Turanci a 2012, aka buga a Indiya. Bazawara ce tauraruwar littafin, ba abar tausayi a gefen labari ba.

38/
Wanda ya dawo da mu kan bazawara. A Kano, Hajiya Altine Abdullahi ta jagoranci ƙungiyar VOWAN, muryar zawarawa da marayu. Ba su nemi wani lulluɓaɓɓen suna ba. A rediyo, a gaban hukuma, da "mu zawarawa" suke buɗe magana.

39/
A Janairu 2009 suka shirya fitowa titi a Kano don nuna halin da matan da aka saka ke ciki: kora daga gida, raba su da ƴaƴa, rashin ciyarwa. Hukumar Hisba ta hana, ta ce abin kunya ne kuma bai dace da addini ba. Tattakin bai yiwu ba, amma kafafen labarai na duniya sun ɗauka, maganar ta fita daga ɗaki.

40/
A Mayu 2012, zamanin Kwankwaso, Hisbar nan dai ta ɗaura auren zawarawa 100 a rukunin farko, gwamnati ta yi sadaki da kayan ɗaki. A Oktoba 2023 aka aurar da mata 1,800 a shirin auren gata. Kalmar da ake faɗa ƙasa-ƙasa ta shiga kasafin kuɗin jiha.

41/
Amma mu faɗi gaskiya: amsa rabi aka ba su. Sun yi maganar ciyar da ƴaƴa bayan saki, da wurin zama lokacin idda, da saki barkatai. Aka ce ga miji. Aure alheri ne, Allah ya ba da zaman lafiya, sai dai haƙƙin wadda ba ta sake aure ba yana nan ba a biya ba.

42/
To me ya sa bazawara, gwarne da jahila suka karɓu, karuwa ta ƙi? Mu leƙa Kanada. A Janairu 2011 wani ɗan sanda a Toronto ya ce wa ɗalibai in mata na son kauce wa fyaɗe su daina shiga irin ta ƴan iska. Ranar 3 ga Afrilu dubban mata suka fito tattaki da kalmar zagin a kan alluna. SlutWalk suka kira shi, ya bazu ƙasashe.

43/
Amma a shekarar nan wasu ƙungiyoyin mata baƙar fata a Amurka suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa. Suka ce suna goyon bayan yaƙi da fyaɗe, amma su ba su da gatan kiran kansu da wannan suna, don tun zamanin bauta da shi ake halatta cin zarafinsu. Ko a can ɗin ma ba kowa ce ta iya yafa shi ba.

44/
A wurinmu abin ya fi haka. Bazawara, gwarne, jahila, duk suna faɗin halin da mace ta samu kanta ne. Aure ya mutu, ciki ya zo, an hana karatu. Za ki iya cewa "e, haka ne, sai me?" ki ɗaga kai. Kunyar da aka liƙa a kai ce ƙarya, ita ake ɓamɓarewa.

45/
Karuwa kuwa tuhuma ce. Kuma addininmu ya riga ya ba ta suna: ƙazafi. Suratun Nur, aya ta 4: wanda ya jefi mace kamila bai kawo shaidu huɗu ba, bulala 80 ne, kuma an daina karɓar shaidarsa. Wannan ba a yafa shi. Mai shi ake mayar wa, a ce kawo shaidunka.

46/
Abin mamaki, masu saurin rubuta kalmar a ƙarƙashin hoton mace su ne sau da yawa ke cewa addini suke karewa. Malam, ayar da ke kanka ta fi wadda kake nema a kanta bayyana. Magana zarar bunu ce, kuma a intanet ma ba ta gogewa.

47/
Ita ma wadda da gaske take wannan sana'ar, mutum ce. Tambayi yadda ta kai can: auren dole da ta gudu daga gare shi, saki da ƴaƴa ba abinci, gidan uban da ya ce ba wuri. Kuma ba ita kaɗai ke cinikin ba. Mai saye yana sahun gaba a wurin ɗaurin aure, ba shi da suna.

48/
Zamaninmu. A Fabrairu 2019 wata matashiya a Kano, Khadijah Adamu, ta rubuta a Twitter irin cin zarafin da ta sha. Fakhrriyyah Hashim ta amsa mata da #ArewaMeToo. Cikin kwanaki mata da maza suka yi ta fito da abin da suka binne shekaru. Ranar 19 ga watan ƴan sandan SARS suka kama Maryam Awaisu a Kaduna, sai da aka yi ca aka sake ta.

49/
Ku koma ku karanta martanin da aka yi musu. Kalmomin 1952 ne, an dai canza waya. Ƴar boko, ƴar fim, ƴar TikTok, ƴar feminist: duk in ka kwance ƙullin, tsohuwar tuhumar ce a ciki, kuma saƙon bai canza ba, koma ɗaki ki yi shiru.

50/
Ita "feminist" ɗin ma yanzu a tsakiya take. Wasu ƴan uwa sun karɓe ta sun rubuta a bayanin shafinsu. Wasu sun ce a'a, su masu neman haƙƙin da Musulunci ya ba mace ne, ba sa buƙatar sunan aro. Duka hanyoyin biyu suna da kaka a tarihin nan. Kar mu cinye juna a kan suna, masu jifa ba sa tambayar wanne kika zaɓa.

51/
A Mayu 2019 Dakta Hadiza Balarabe ta zama mace ta farko da aka zaɓa mataimakiyar gwamnan Kaduna, shekara 40 cif bayan 1979. Tsakanin mai ɗaurin wata uku a Kano da wannan kujera akwai mata da yawa da suka ji kalmar nan a kunnensu suka ci gaba da tafiya.

52/
Kuma ba sai a Kaduna ba. A Gazara, a Hunƙuyi, a Ikara, ku ƙirga gidajen da bazawara ke riƙe da su da ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, awara, ɗinki da adashe. Ita ke biyan kuɗin jarrabawa, ita ke sayen magani, lokacin rake ita ke kai abinci bakin gona ta sayar. In an ce "bazawara" a gabana, ita nake gani.

53/
Don haka ƴar uwa, in an jefo miki kalma, duba ta. In halin da kike ciki ta faɗa, babu dole ki ɓoye, ba ke kika fara ba kuma ba laifi kika yi ba. In ƙazafi ne, ba naki ba ne, ajiye hoton rubutun, kotu na karɓar ƙarar ɓata suna. Ko wanne ne, kar ki rufe shafinki saboda shi, abin da ake nema ke nan.

54/
Ɗan uwa kuma, kafin ka danna aikawa, ka tuna wadda ta tsaya a layi ta zaɓi ɗan takararka, da wannan kalmar aka so hana ta fitowa.

55/
Nan zan tsaya. Allah ya jiƙan Baba, da Hajiya Gambo, da Barmani, ya ƙara wa Hajiya Balaraba lafiya. In a garinku akwai wata kalmar gori da mata suka juya ta zama tasu, a waƙar daka ko ta gaɗa ko ta biki, ku ajiye mana a ƙasa tare da sunan garin. Ku tambayi iyaye da kakanni, sun fi mu sani.